Babi na Shida: Abincin Kyanwa Mai Lalurar Ciki

A yawancin gidajenmu ba a yi wa kyanwa cefane. Abin da ya rage a kwanon yara shi ne rabonta: loma biyu ta tuwo da miya, kan kifi, ƙashin kaza, ragowar shayi mai madara. Sauran kuwa ita ke nemo wa kanta a gindin rumbu da bayan ɗaki, inda ɓera da ƙadangare da fara suke. Kyanwoyi da yawa sun rayu a haka har tsufa, kuma farautar ce ta rufa musu asiri, ba tuwon ba. Yanzu abin ya sauya. A Kano da Kaduna da Abuja ana kiwon kyanwoyi a cikin ɗaki, har da masu dogon gashi 'yan asalin Farisa waɗanda ba su taɓa kama ɓera ba. Irin wannan kyanwa duk abin da zai shiga cikinta daga hannun mai ita yake fitowa. Kowane ɗalibin Islamiyya ya san hadisin matar da ta shiga wuta saboda ta kulle kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abin da za ta ci ba. Wanda ya rufe ƙofa, nauyin ciyarwa ya hau wuyansa, kuma nauyin ya fi yawa idan cikin dabbar ba ya karɓar kowane abinci.

Mutane da yawa sun ɗauka amai ɗabi'ar kyanwa ce. Gaskiya ne takan yi aman curin gashi jefi-jefi, musamman mai dogon gashi, tunda da harshe take wanka. Amma kyanwar da ke amai duk mako, ko kashinta ya daɗe yana fita da ruwa, ko da majina, ko da ɗigon jini, ko cikinta yana kumburi yana ƙugi, ko tana ci tana ramewa, wannan ba lafiya ba ce. Likitocin dabbobi suna ɗaukar lalurar da ta wuce mako uku a matsayin daɗaɗɗiya, kuma ita ce babin nan ya sa a gaba.

Cikin maci nama

Kakannin kyanwar gida kyanwoyin daji ne na busassun ƙasashen Gabas ta Tsakiya da Arewacin Afirka. Sun matso kusa da mutum ne lokacin da ya fara tara hatsi, ba don hatsin ba, sai don ɓerayen da hatsin ya jawo. A tsibirin Saifurus an tono wani kabari mai kimanin shekara 9,500 da aka binne mutum da kyanwa a gefensa. Duk tsawon wannan zama tare bai sauya mata ciki sosai ba. Hanjinta gajere ne, bai wuce ninki huɗu na tsawon jikinta ba, alhali na kare yakan kai ninki shida. Yawunta ba ya fara narkar da sitaci a baki kamar yadda namu ke yi. Ko zaƙi ba ta ji: a 2005 masu bincike a cibiyar Monell da ke Filadelfiya a Amurka suka nuna cewa ƙwayar halittar da ke sa a ɗanɗani sukari ba ta aiki a jikinta. Wannan ba ya nufin shinkafa dafaffiya guba ce gare ta. Tana iya narkar da kaɗan in ta dahu sosai. Amma ba a gina ta a kan tuwo ba.

Akwai sinadaran da jikin kare ko na mutum ke iya haɗawa da kansa, ita kuwa sai ta same su a nama. Babba a cikinsu shi ne taurin. A 1975 aka gano cewa rashinsa yana lalata idon kyanwa har ta makance. A 1987 likitan dabbobi Paul Pion da abokan aikinsa na Jami'ar Kalifoniya da ke Debis suka nuna cewa rashin nasa ne ke sa zuciyar kyanwa ta saki ta kumbura, ciwon da ke kashe kyanwoyi da yawa a lokacin, har da masu cin abincin kanti. Daga nan kamfanoni suka ƙara taurin a abincinsu, ciwon ya ja baya ƙwarai. Haka kuma ba ta iya samun bitamin A daga karas ko ganye. Ƙa'idar hukumar AAFCO ta Amurka ta ce abincin babbar kyanwa kada furotin ɗinsa ya gaza kashi 26 cikin 100 in an cire ruwa, na kare kuwa kashi 18. Saboda haka abincin kare ba ya tsaya mata, kuma duk dabarar da za a yi wa mai lalurar ciki dole ta zama a cikin da'irar nama.

Kafin a zargi abinci

A ƙasarmu tsutsar ciki tana cikin manyan abubuwan da ke kawo gudawa ga kyanwa. Doguwar tsutsa tana shiga jikin 'ya'yan kyanwa ta nonon uwa. Faffaɗar tsutsa mai gaɓa-gaɓa kuwa ta hanyar haɗiye ƙuma take shiga, ko cin ɓera, kuma akan ga gutsattsarinta a ƙarƙashin wutsiya kamar ƙwayar shinkafa. Akwai kuma ƙananan halittun da ido ba ya gani, irin su jiyadiya, masu zuwa ta gurɓataccen ruwa. Duk tsadar abincin da aka saya, in waɗannan suna cikin hanji, an yi asarar kuɗi ne. Matakin farko shi ne a kai kashinta asibitin dabbobi a duba, a ba ta maganin tsutsa daidai nauyinta, a kuma kashe ƙuma. Akwai asibitocin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri, ban da na gwamnatocin jihohi da masu zaman kansu a manyan birane.

Shekaru ma suna ba da haske. 'Yar ƙaramar kyanwa da ba a yi wa rigakafi ba, in ta kama amai da gudawa da zazzaɓi lokaci guda, ana tsoron cutar nan mai karya ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta, kuma takan kashe cikin kwanaki. Tsohuwa kuwa, wadda ta haura shekara goma, in tana amai tana ramewa tana yawan shan ruwa, likita zai duba ƙoda da tayirod, zai kuma yi tunanin sankarar hanji. Ba a maganin waɗannan da sauya kwano kaɗai. Haka nan in kyanwa ta yi laushi, ko ta kasa riƙe ko da ruwa, ko dasashinta ya yi fari, ko fatar wuyanta ta ƙi komawa da sauri in an ɗaga, ko ana zaton ta ci ɓeran da ya ci guba ko ta haɗiye zare, to ba a jiran gobe.

Rashin jituwa iri biyu

In an kawar da waɗannan duka, sai a koma kan kwano. Akwai abincin da hanji ne kawai ya kasa narkar da shi. Misali mafi kusa shi ne madara. Jaririyar kyanwa tana da sinadarin da ke narkar da sukarin madara, amma yana raguwa bayan yaye. Babbar kyanwa in ta sha madarar shanu ko ta gari, sukarin yakan wuce hanji bai narke ba, ya jawo ruwa, ƙwayoyin cikin hanji su ruɓar da shi, sai gudawa da iska. A nan yawa ne ke magana: cokali ɗaya bai cika yin komai ba, kofi guda kuwa ya isa. Kindirmo ya fi madara sauƙi tunda tsami ya cinye wani ɓangare na sukarin. Maiƙo mai yawa da abincin da ya kwana ya fara lalacewa su ma suna cikin wannan rukuni.

Na biyu shi ne wanda likitoci ke kira aleji. A nan garkuwar jiki ce ke ɗaukar wani furotin a matsayin abokin gaba, kuma ko ɗan kaɗan ya isa ya tayar da rikici. Sau da yawa alamar ba ta tsaya a ciki ba: kyanwa takan yi ta susar kai da wuya da kunne har ta ji wa kanta rauni, gashi ya zube, ƙananan ƙuraje su fito. Abin da ke ba masu kiwo mamaki shi ne, mai laifin galibi abincin da ta daɗe tana ci ne, ba sabo ba, domin sai jiki ya saba haɗuwa da abu kafin ya ƙulla gaba da shi. Wani nazari da aka buga a 2016, wanda ya tattara rahotannin shekaru masu yawa, ya nuna naman shanu da kifi da kaza su ne kan gaba. Alkama da masara da madara suna bayansu. Saboda haka rubutun da ake yi a jikin buhu cewa babu hatsi a ciki ba ya warware matsalar yawancin kyanwoyi, tunda a naman take.

Gwajin abinci guda

Ana tallata gwajin jini, har da na gashi da na yawu, wai zai nuna abincin da dabba ba ta jituwa da shi. Binciken da aka yi a kansu ya nuna ba abin dogaro ba ne. Hanyar da ta tabbata guda ɗaya ce: a janye duk abin da take ci, a sa ta a kan abinci guda wanda jikinta bai san shi ba, a zuba ido.

Hanyar tana da hujja. A 2001 Grant Guilford da abokan aikinsa na Jami'ar Massey a ƙasar Niyu Zilan suka buga sakamakon gwajin da suka yi wa kyanwoyi 55 masu daɗaɗɗiyar lalurar ciki da ba a gano dalilinta ba. Guda 16 sun warke da sauyin abinci, kuma ciwon ya dawo da aka mayar musu da tsohon. Wasu 11 sun warke, ciwon bai dawo ba ko da aka mayar. Wato kusan rabi sun samu sauƙi ba tare da wani magani ba, kuma da yawansu cikin 'yan kwanaki.

Ana farawa ne da takarda da alƙalami. A rubuta duk naman da kyanwar ta taɓa ci, har da wanda ke ɓoye a abincin kanti, domin gwangwanin da aka zana kifi a jikinsa yakan ƙunshi kaza. Abin da bai fito a jerin ba shi ne abin gwaji. A Turai da Amurka akan zaɓi zomo ko agwagwa ko barewa. A nan zomo yana samuwa, akwai tantabara da agwagwa, kuma a kasuwannin Kano da Maiduguri da Agadas ana yanka raƙumi, naman da kyanwoyi kaɗan ne suka taɓa gani. Sai dai a lura da dangantaka. Wadda ba ta jituwa da kaza tana iya ƙin zabo ko talotalo, wadda ba ta jituwa da naman shanu kuma tana iya ƙin na rago ko akuya. Gara a yi nisa da dangin wanda ake zargi.

Ɗaya hanyar ita ce abincin da aka farfasa furotin ɗinsa a masana'anta har ya yi ƙanƙantar da garkuwar jiki ba ta gane shi. Kamfanonin Royal Canin da Hill's da Purina duk suna yin irinsa, kuma ta hannun likita ake samu. Amfaninsa shi ne cikakken abinci ne, ana iya zama a kansa shekara da shekaru. Matsalarsa tsada, da yankewar kaya, tunda daga waje ake shigo da shi. Wanda zai bi wannan hanya ya tabbatar yana da abin da zai kai shi ƙarshen gwajin kafin ya fara.

Tsawon gwaji ya danganta da alama. In ciki ne kaɗai, mako biyu zuwa uku sun isa a ga inda aka dosa. In da ƙaiƙayin fata, sai an ba shi mako takwas. A tsawon wannan lokaci ba abin da zai shiga bakinta sai abincin gwaji da ruwa. A nan ne yawancin gwaje-gwaje ke rushewa, kuma ba laifin kyanwar ba ne. Yaro ya miƙa mata guntun tsire a ɓoye, kaka ta ji tausayi ta zuba mata madara, maƙwabta sun ajiye kwano a tsakar gida, ko ita ta fita ta yi farauta. Dole a tara mutanen gida a yi musu bayani, a tsare ta a ciki, a raba mata kwano da sauran dabbobi. Kowace rana a rubuta abin da ta ci, ko ta yi amai, da yadda kashinta ya fita. Ba a dogara da tunawa a irin wannan aiki, domin mutum yakan tuna ranar da abin ya ɓaci ya manta kwana goman da aka yi lafiya.

In ta samu sauƙi, saura mataki ɗaya wanda mutane ba sa so: a mayar mata da tsohon abincin. In shi ne mai laifi, alamun sukan dawo cikin 'yan kwanaki, da wuya su wuce mako biyu. Sai a koma na gwaji har ta daidaita, sannan a riƙa shigo da nama ɗaya-ɗaya, kowanne a ba shi kamar mako biyu. Ta haka ne ake gane cewa kaza ce kaɗai matsalar, maimakon a hana ta komai har ƙarshen rayuwarta. In kuwa an yi gwajin yadda ya kamata ba a ga canji ba, a gwada wani nau'in sau ɗaya, daga nan likita ya zurfafa bincike. Daɗaɗɗen kumburin hanji yakan buƙaci magani, kuma irin waɗannan kyanwoyi sukan rasa bitamin B12 har sai an yi musu allurarsa.

Na gwangwani, na buhu, ko na tukunya

Busasshen abincin buhu ruwansa bai wuce kashi 10 cikin 100 ba, na gwangwani ko na leda kuwa yakan kai kashi 75 zuwa 80, kusa da abin da take samu a jikin ɓera. Kyanwa ba ta da yawan jin ƙishirwa, gadon kakanninta na hamada, kuma mai gudawa ruwa take zubarwa. A zafin watan Afrilu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Jiƙaƙƙen abinci ya fi dacewa da ita, haka ma wadda kashi ke yi mata tauri. Sai dai ba ya jure zafi: abin da ta bari a kwano a ɗauke shi da wuri, kada ya wuni ƙudaje suna bi. Na buhu kuma a saye shi daidai wanda zai ƙare da wuri, a rufe shi a mazubi mai murfi, domin zafi yana sa mansa ya yi ɗoyi, damina kuma tana kawo fumfuna. A guji wanda ake aunawa a buɗe ba a san ranar da aka yi shi ba.

A jikin kowane mazubi a duba abu uku. Na farko, ko an rubuta cewa cikakken abinci ne bisa ƙa'idar AAFCO ko ta FEDIAF ta Turai, domin wasu na marmari ne kawai, ba a rayuwa a kansu. Na biyu, jerin kayan haɗi, wanda ake farawa da mafi nauyi. Wanda ya ambaci sunan dabbar ƙarara ya fi wanda ya ce nama da dangoginsa, tunda mai aleji tana buƙatar a san abin da ke ciki. Na uku, ranar lalacewa.

Girkin gida shi ne mafi sauƙin samu a wurinmu, kuma don gwaji na 'yan makonni ya wadatar ga babbar kyanwa: nama iri ɗaya, a dafa shi a ruwa zalla, ba gishiri, ba magi, ba mai, ba kayan yaji. A haɗa mata da romon, domin taurin yana fita cikin ruwan dahuwa. Ƙaramin cokali na dafaffiyar kabewa yakan taimaka wa wasu wajen daidaita kashi. Amma tsokar nama zalla ba abincin dindindin ba ce. Ba ta da kalshiyam, kuma ƙaramar kyanwar da aka raina a kanta ƙasusuwanta sukan yi laushi har su karye. Akan cike wannan giɓi da garin ɓawon ƙwai da aka dafa aka daka, kimanin rabin ƙaramin cokali a rabin kilo na nama, in dai ba ƙwai ko kaza ake zargi ba. Zuciya tana da taurin mai yawa, naman zomo kuwa nasa kaɗan ne. Hanta ana buƙatarta, amma 'yar kaɗan, domin yawanta yana tara bitamin A har ƙasusuwan wuya su sandare. In za a zauna a kan girkin gida, ko kuma kyanwar ƙarama ce ko mai ciki, likita ne zai tsara ma'auni da abin da za a ƙara.

Ɗanyen nama ba na mai lalurar ciki ba ne. Yana ɗauke da ƙwayoyin cuta masu kama dabba da mutanen gida. Ɗanyen kifi na wasu nau'o'i yana lalata bitamin B1, ƙayarsa kuma tana maƙalewa. Mushen kaza ya fi duka hatsari: murar tsuntsaye, wadda ta fara bayyana a Najeriya a jihar Kaduna a 2006, tana kama kyanwa, kuma ta kashe kyanwoyi da dama a Folan a 2023.

Abin da ba ya shiga bakinta

Albasa da tafarnuwa, ɗanyu ko dafaffu ko gari, suna farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kyanwa, kuma da wuya a samu miyar gidanmu da babu albasa. Wannan kaɗai ya isa a daina zuba mata ragowar miya. Dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya soki hanji. Cakulan guba ne. Mafi muni shi ne maganin mutane: hantar kyanwa ba ta iya sarrafa farasitamol, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Maganin gudawa da na kashe ƙwayoyin cuta da ake saya a kemis su ma ba a ba ta sai da umarnin likita.

Yunwa ma ba magani ba ce. Wasu sukan ce a bar ta da sabon abincin, in yunwa ta ci ta za ta ci. Kyanwar da ta yi kwanaki ba ta ci ba, musamman mai ƙiba, kitse yakan taru ya toshe mata hanta, kuma wannan ciwo ya fi gudawar hatsari. In ta kwana biyu ba ta taɓa abinci ba, a nemi likita. Don kauce wa haka, a shigo da sabon abinci a hankali cikin kwana bakwai zuwa goma: kashi ɗaya cikin huɗu a farko, sannan rabi, sannan kashi uku, har tsohon ya fita, kuma daga ranar ake fara ƙirgen gwaji. A ɗan ɗumama shi don ƙamshi ya tashi. A raba mata shi kaɗan-kaɗan sau huɗu ko biyar a rana, tunda a daji ma ƙananan abubuwa take kamawa sau da yawa, ba ta cin babban kaso a zama ɗaya. Wadda ke hanzarin haɗiya ta dawo da shi nan take, a baza mata a faffaɗan faranti.

Mai kyanwar da ta haura mako uku tana amai ko gudawa ya bi abin daki-daki. Ya fara da asibiti da maganin tsutsa, ya janye madara da ragowar miya, sannan ya zaɓi nama guda da ba ta sani ba ya tsaya a kansa har ƙarshen wa'adi. Kada ya riƙa sauya buhu duk mako don an ce wannan ya fi wancan, domin kowane sabon nama da ta ɗanɗana ya fita daga cikin waɗanda za a iya gwada ta da su nan gaba.